Kwano Na Biyu

Zuwa ga Maigidana, wanda ya fara ɗora buroshi a hannuna,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, gaisuwar da ta cire takalmi tun daga bakin titi kafin ta iso ƙofar ɗakinka, ina tambayar lafiyarka, da lafiyar uwargidanka Inna, da gwiwar nan tata da ke hana ta sakat. Allah Ya sa wannan takarda ta same ku cikin sauƙi da rufin asiri. Ka gafarce ni da na kutso maka cikin hutun da ba kai ka zaɓa ba, kuma na kutso da kaya mai nauyi. Sau biyu na zo gidanka da magana a bakina, sau biyu na koma da ita. Tun da harshe ya ƙi, sai na yage waɗannan shafuka daga littafin da nake rubuta sirrina, na aiko maka da su yadda suke, ban goge ko ɗigo ba. Har inda na yi wa kaina ƙarya na bar shi, don ka gani. Ina roƙonka ka kai ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau da hantsi wata mata mai gonar kaji ta zo da kanta, ta ajiye kwali biyu a kan teburin Manaja. A na farko akwai allunanmu goma sha ɗaya. Abin da ke cikin na biyu ba zan rubuta shi ba. Ya isa in ce an buɗe tagogi duka, kuma har yanzu ban iya taɓa abincina ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce saura kwana uku ƙwai su fashe injinanta suka daina bambanta zafi da sanyi. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Bari in tsara wa kaina aikinmu a rubuce, domin yau kowa na magana kamar bai taɓa ganinsa ba. Muna haɗa allon lantarkin da ke zama ƙwaƙwalwar injin ƙyanƙyasar ƙwai: shi ke jin zafi, ya kunna wuta, ya kashe. Masu dalma su huɗu ne, a jere bakin taga, suna liƙa siraran ƙafafun kaya a jikin allo. Dalma ba ta kamawa sai da wani mai, mai ɗanko da launin zuma, kuma man nan da zarar ya gama hidimarsa sai ya zama maƙiyi, domin in aka bar shi ya haɗu da laima tagulla yake ci. A nan aikina ya shigo. Ina can ƙuryar ɗaki da kwano biyu na sifirit, da buroshi, da akwatin busarwa. A kwano na farko a goge, a na biyu a ɗauraye, sannan a busar.

Kowane mai dalma yana ɗiga launinsa a kusurwar allon da ya gama. Na Maigida shuɗi ne. Mai wanki ba shi da launi. Aikinsa in ya yi kyau babu abin gani, kuma na sha yin alfahari da wannan, har na taɓa sa shi a baiti.

Duk goma sha ɗayan suna da ɗigon shuɗi.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Alluna arba'in ne a wancan tiren na Maigida. Ban san abin da ya sa na tuna adadin ba.

Laraba, 5 ga wata, bayan tashi daga aiki

Manaja ya tara mu. Ya sa allo ɗaya a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, kowa ya leƙa. Wani farin abu ya fito a jikinsa kamar an barbaɗa gishiri, a wasu wuraren ya koma kore, ya haɗa hanyoyin da bai kamata su gaisa ba. Manaja ya ce a nasa ganin an zuba mai fiye da ƙima, an kuma ƙona shi da zafin ƙarfe har ya ƙi fita da wanki, kuma irin wannan aikin hannun da idonsa ya fara gajiya ne. Bai kalli kowa ba da ya faɗa. Kowa ya kalli mutum ɗaya.

Maigida, wanda yaran benci ke kira Baba Tabarau, ya cire tabarau ɗin ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya sake leƙawa. Ya daɗe. Sannan ya ce shuɗin dai nasa ne, ba zai musa ba.

Sai Manaja ya juyo gare ni, ya kira ni da sunan da suka laƙaba mini saboda rubuta waƙa. "Malam Ƙafiya, an wanke su?"

Na ce, "An wanke."

Kalma biyu, kuma babu wadda ta kasance ƙarya a cikinsu. Na yi ta juya su tun ɗazu ina neman inda suka karkace, ban samu ba. Sun shiga sifirit, buroshi ya bi ta kansu. An wanke.

Mai Gwaji, matar da kowane allo ke bi ta hannunta kafin ya fita, ta ɗauki takardar da ke manne a bayan ɗaya ta karanta kwanan watan da ƙarfi. Ta ce ashe ranar nan ce ta Alhamis da muka yi wa Baba taron cika shekara talatin a benci, ranar da Malam Ƙafiya ya sa mu kuka da waƙa. Wani ya yi dariya ya haɗiye. Ta kalle ni da gefen ido, irin kallon da take yi wa allon da ya ci gwaji amma ba ta yarda da shi ba.

An ce Maigida ya je gida ya huta har a gama bincike. Ya naɗe ƙarfensa na dalma a tsumma, ya share bencinsa tsaf, ya yi wa kowa sallama da sunansa. Da ya zo kaina ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ya jawo mini tambaya a gaban mutane.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

An aika a karɓo sauran ashirin da tara daga hannun masu su kafin su yi ɓarna. Alhamdu lillahi. Wannan ya kamata ya sanyaya mini rai.

Uwar yara ta tsaya a kaina ɗazu ina ɗauraye kofin shayi. Ta tambaya ko kofin ya zagi wani nawa ne, domin wannan ne karo na huɗu da na zuba masa ruwa. Na ce tsabta ce. Ta ce shekara goma sha tara tana roƙona in ɗauraye kofi sau ɗaya ban yi ba, yau kuma na tuba gaba ɗaya, ko dai ƙafiya ce ta maƙale mini a wuya? Haka take cewa duk ranar da na yi shiru. Na bar ta a kan haka. Gara ta ɗauka waƙa ce.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gaishe shi. Hawa biyu ne zuwa ɗakinsu, kuma a kowace matakala na shirya jimla, har na kai ƙofa da jawabi cikakke mai gabatarwa da kammalawa. Inna ta buɗe, ta ce ga mawaƙinmu, shigo ka raba ni da wannan mutumin, tun da ya zauna gida ya gyara rediyo, ya gyara fanka, yanzu ya fara kallon tukwanena.

Yana zaune kusa da taga, ko a gida ma taga yake nema. A bango, sama da kansa, an sa wa waƙar gilashi an rataye. Ban san sun yi mata haka ba. Rubutuna ne, da tawadar da na fi so:

Talatin cif kana gaban fitila,
Hannu bai rawa, ido bai gajiya,
Dalma in ta gan ka sai ta natsu,
Ta bi sawunka ba ta neman hanya.

Ya lura ina kallonta. Ya yi murmushi ya ce layi na biyu yana bukatar gyara. Na ce ko kusa. Ya ce mawaƙi dai ba ya yarda ya yi kuskure, ya kira Inna ta kawo shayi.

Mun yi hirar hanyar da aka toshe a gaban ma'aikata, da tsadar kwan fitila, da ɗan maƙwabcinsu da ke koyon busa sarewa ba tare da tausayin kowa ba. Da na tashi tafiya ya raka ni bakin matakala, ya riƙe ƙarfen gefe, ya ce tun ranar Laraba yake lura da cewa matakalar ƙasa tana yi masa hazo-hazo. Shekara nawa nake ganin mutumin nan yana saukowa da gudu kamar saurayi.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bencin bakin taga babu kowa. Rana na faɗowa a kansa kamar ba a gaya mata ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mai yiwuwa ne Manaja na da gaskiya. Mutum ya haura sittin. Mai yiwuwa ya zuba mai da yawa, ya kuma ƙona. Ba ni da ilmin da zan ce a'a. Abin da ban gani da idona ba bai kamata in ɗora wa kaina ba, kuma ɗaukar laifin da ba naka ba shi ma wani nau'in girman kai ne.

Don in rufe wannan babi na yi gwaji. Na ɗauko alluna biyu daga bencin mai jan ɗigo, wadda idonta ko allura ta faɗi a yashi sai ta gani. Ɗaya na bi da shi yadda aka koya mini. Ɗayan kuma na bi da shi wata hanya. Na ɗaura wa na biyun zare, na kai su ɗakin Mai Gwaji, na roƙi ta bar ni in jona su a injin gwajinta mai ɗumi da tururi.

Ta tambayi me nake son ƙyanƙyashewa, baiti? Na ce bincike ne na ƙashin kaina. Ta buɗe mini injin ba gardama. Ina jona waya ta ce, kamar da bango take magana, ita abin da ke ba ta mamaki shi ne farin abin nan bai tsaya a inda ƙarfe ya taɓa ba, ya bazu ko'ina daidai wa daida, har tsakiyar allo inda babu ƙafa ko ɗaya, kamar wanda aka shafa da gangan. Ta ce amma ita ba a tambaye ta ba, kuma ba ta son ta rushe wani da zato don ta tayar da wani.

Na ce Allah Ya bayyana gaskiya. Ta ce amin, da sauri.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Allunan biyu tas suke. Na leƙa sau biyar.

Na zauna in yi baiti ko zuciya ta sami iska, alƙalami ya ƙi. Shekara ashirin da biyar ban taɓa neman kalma ta ƙi zuwa kwana uku a jere ba. Ƙamshin sifirit, wanda a da nake cewa ƙamshin gaskiya ne, yanzu gudunsa nake yi.

Na tuna makon farko da ya kawo ni wannan ɗaki, lokacin da na rasa aikin ofis kuma babu wanda ke amsa sallamata. Ya ce wa Manajan wancan lokaci ƙaninsa ne ni, alhali ba mu haɗa ko kaka ba. Ya tsaya a bayana ya riƙe hannuna da buroshin. Ya ce kwano na farko narkar da dauɗa kawai yake yi, na biyu ne ke kwashe ta, kuma wanda ya tsaya a na farko bai wanke ba, shafe allon ya yi da ita, gara ma ya bar shi yadda yake. Ya sa na maimaita sau uku kamar ɗan aji ɗaya.

Ban san dalilin rubuta wannan ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na sake zuwa. Wannan karon ban shirya jawabi ba, na ce in na zauna zan faɗa kawai.

Inna ta tare ni a bakin ƙofa ta yi ƙasa da murya. Ta ce ta kai shi wurin likitan ido ranar Laraba, likita ya ce tabarau ɗin nan ma sun ishe shi, idonsa ya fi na wasu 'yan arba'in. Shi kuma ya ce likita allon haruffa ya nuna masa, bai nuna masa ƙafar da ta fi gashi siranta ba. Ta ce ya daina karanta jarida. Jiya ta miƙa masa allura ya zura mata zare, abin da yake yi mata tun suna amarya da ango yana yi mata gori, sai ya riƙe allurar ya daɗe, ya mayar mata ya ce ta kira 'yar maƙwabta.

Na shiga. Ya ce Manaja ya aiko masa da takarda: in ya sa hannu ya yarda kuskuren nasa ne, za a sallame shi da mutunci a matsayin wanda ya yi ritaya, a rufe maganar. Litinin ta sama, 24 ga wata, zai je ya sa. Na ce ya dakata, bincike bai ƙare ba. Ya ce, "Ƙanena, ba ƙwai ne suka dame ni ba, ko da yake sun dame ni. Abin da ya dame ni shi ne na duba allunan nan ranar da na yi su, na ga sun yi kyau. Mutumin da ke ganin kyau inda babu, me zai zauna yi a benci?"

A nan ne ya kamata. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera ya ɗauko ƙarfen a naɗe cikin tsummansa, ya ɗora mini a cinya. Ya ce ya san tun da daɗewa ina sha'awar benci, hannuna ya nuna, kuma ba ya son ƙarfen ya yi tsatsa a akwati. Ya ce in riƙa goge bakinsa tun yana da zafi.

Na yi godiya. Na yi godiya mai tsawo, da kalmomi masu kyau. A kan wannan na ƙware.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Manaja ya kira ni ofis. Ya ce Baba ya yi masa magana a kaina, kuma daga wata mai zuwa bencin taga nawa ne, in zaɓi launi. Shekara goma sha ɗaya ina hango wannan taga daga ƙuryata, ina ƙirga yadda rana ke tafiya a kan benci. Na ce a ba ni lokaci in yi shawara da iyali. Ya yi dariya ya ce mawaƙi ko ruwa aka ba shi sai ya nemi lokaci.

Allunan biyu tas suke. Allah Ya gafarta mini, na ji daɗi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Uwar yara ta ga ƙarfen a saman kabad. Ta gane tsumman. Ta ce kyauta irin wannan mutum kan shigo da ita yana washe baki, ni kuma na ɓoye ta bayan akwati kamar kayan sata. Ta zauna a bakin gado ta ce ba za ta tambaye ni ba, amma in sani ita ta auri mai yawan magana, ba ta auri mugu ba, kuma ba ta shirya sauya miji da tsufanta ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ban leƙa injin ba yau.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mai Gwaji ce ta zo har ƙuryata ta ce in zo, ƙwaina ya fashe.

Allon farko tas, kore mai sheƙi kamar ganyen da ruwa ya wanke. Mai zaren kuwa ya yi furfura tun daga wannan kusurwa har waccan, daidai wa daida, har tsakiya inda babu ƙafa ko ɗaya. Ba hannun Maigida ne ya liƙa shi ba. Ba a zuba masa mai da yawa ba, ba a ƙona shi ba. Abu ɗaya kawai aka hana shi.

Ta tsaya tana jira. Na ce mata gobe. Ta ce goben mawaƙa ko goben mutane? Na ce ta mutane.

Yanzu zan rubuta, da kalmomin da ba su sa kwalliya ba.

Ranar Alhamis ɗin nan, taron ƙarfe huɗu ne, kuma ƙarfe uku da rabi waƙata ba ta da layin ƙarshe. Ina da "gajiya", ina neman abin da zai amsa mata, tun safe ya ƙi. Tiren Maigida na arba'in yana gabana. Na goge su a kwano na farko, wanda tun safe yake aiki har sifirit ɗinsa ya yi launin shayi. Da na juya kwano na biyu sai na tarar ya kusa ƙafewa, gwangwanin sabon sifirit kuma babu ko ɗigo, sai an hau bene wurin mai sito. Ina tsaye da gwangwani a hannu layin ya sauko mini, cikakke, da ƙafiyarsa. Na san halin baiti: in na hau matakala ashirin da biyu na tsaya gaisawa da mai sito, zai gudu. Na ajiye gwangwanin. Na jera allunan a akwatin busarwa, na ce bayan taro zan fito da su in ɗauraye. Na goge hannu, na rubuta layin a bayan takardar tire.

An yi taro. Na karanta. Maigida ya cire tabarau ya goge ido, aka yi ta tafi, har mai sito ya ce in ba shi kwafi. Na tafi gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Washegari na tuna, na buɗe akwatin. Sun bushe, suna sheƙi, babu abin gani. Na ɗaga ɗaya a haske, na ce ai sun yi. Na miƙa su gwaji.

Ban manta ba. Na so in rubuta cewa mantuwa ce, ba ita ba ce. Na tuna, na duba, na zaɓa. Wanda ya ga kyau inda babu, ni ne.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na shiga ofishin Manaja da allunan biyu, Mai Gwaji na bayana. Na faɗa cikin jimla biyar, mafi gajartar abin da na taɓa faɗa a rayuwata. Ya juya mai zaren a hannunsa ya daɗe. Ya tambaya ko duk wannan saboda waƙa ne. Na ce saboda layi ɗaya. Ya ce in bar kwanonina in tafi gida, zai neme ni, kuma maganar benci in cire ta daga raina. Ban tambayi ko akwai sauran ƙurya gare ni ba.

Ya ce zai yage takardar ritayar. Amma ya ce ya san Baba: in ya riga ya yanke wa idonsa hukunci, ba takarda ce za ta dawo da shi ba, zai zo Litinin ya ajiye aikin da bakinsa.

Na gaya wa uwar yara. Ta tashi ta zuba mini abinci. Ta ce in ci, mai laifi ma da ƙarfinsa ake son ya je ba da haƙuri.

Maigida,

Iyakar shafukan ke nan. Uwar yara ce za ta kawo maka su yau Asabar, tare da kwali. A cikin kwalin akwai allunan nan biyu, don ka sa su a haske ka gani da kanka, kuma na tabbata tun daga bakin ƙofa za ka gane mai zaren. Ƙarfenka ma yana ciki, a naɗe yadda ka naɗe shi. Ban jona shi ba ko sau ɗaya.

Ban aiko don ka yafe ba. Na bar ka kwana goma sha shida kana zargin idonka, na zauna a ɗakinka na sha shayin Inna ina kallon haka, na karɓi kyautarka da hannu biyu. Wannan ya fi abin da na yi wa allunan muni, kuma babu kwanon da zai ɗauraye shi. Waƙar da ke bango, in ka ga dama ka sauke ta ka fasa gilashin. Sai dai layi na biyu ba ya bukatar gyara. Shi kaɗai ne abin da na yi daidai a wannan rana.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ina roƙonsa da gaggawa, domin Litinin jibi ce. Ka rubuto mini amsa kafin ranar, ko da layi ɗaya ne, ko da zagi ne, ka faɗa mini cewa za ka koma bencin taga. Kada ka sa Inna ko 'yar maƙwabta su rubuta maka. Ka rubuta da hannunka, da ƙananan haruffan nan naka da muke cewa sai da gilashin ƙara girma ake karanta su. Uwar yara za ta zauna wurin Inna har ka gama. Ta ce ba ta sauri, kuma ta taho da allura da zare.

Ƙaninka, in har yanzu ka yarda a kira ni haka,
Mai wanki.